Ɓangare Ɗaya Ya Yi Shiru: A Sa Amfilifaya a Birij?

Akwai wata shawara da ke yawo a bakin masu kayan sauti, tun daga yaran DJ har masu kula da lasifikar masallaci da coci da masu kaɗa jitar bes. Wai idan ɓangare ɗaya na amfilifaya ya yi shiru, sai a juya makunnin baya zuwa birij, ƙarfin na'urar gaba ɗaya ya taru ya fito ta hanya guda. Galibi ana ba da wannan shawara ne a gurguje, saura awa ɗaya a fara biki, mai taro ya tsaya a kai yana duba agogo. Shawarar ba ta da tushe. Birij ba ya kwashe ƙarfin da ya rage a cikin na'ura ya tura shi gefen da ke da rai. Aiki ne da ke bukatar ɓangarori biyu masu cikakkiyar lafiya, kuma kowannensu zai ɗauki ninkin nauyin da ya saba ɗauka. Wanda bai san wannan ba yakan shiga taro da matsala ɗaya ya fito da uku: ɓangaren da ya lalace, da wanda yake da lafiya, da sifikar da aka ɗaura musu.

Amfilifaya mai ɓangare biyu, A da B ko 1 da 2, na'urori biyu ne a akwati ɗaya. A mafi yawansu taransifoma ɗaya ce ke ba su wuta, amma kowanne da ƙofar shigar sautinsa, da maɓallin muryarsa, da jerin taransistocinsa, da bakin fitarsa mai kai biyu, ja da baƙi. A aikin yau da kullum jan ne ke hawa da sauka da sauti, baƙin yana zaune a sifiri, haɗe da gangar jikin na'urar. Da an juya zuwa birij, sai na'urar ta ɗauki sautin da ya shigo ta A ta ba B irinsa a juye: duk sanda jan A ya hau, jan B ya sauka daidai gwargwado. Sai a ɗaura sifika tsakanin jajayen biyu, a bar baƙaƙen ba komai. Lugude ke nan, taɓarya ɗaya na sauka ɗaya na tashi a turmi guda, kuma da ɗaya daga cikin masu dakan ta tsaya, lugude ya ƙare.

Lissafin ba shi da wuya, kuma duk maganar a kansa ta rataya. A ce kowane ɓangare yana iya fitar da bolt 40. Idan aka ɗaura masa sifika mai om 8, amfiya 5 za ta ja, ƙarfin ya tashi wat 200. A birij, A yana sama da 40, B yana ƙasa da 40, tazarar da sifika ke gani ta zama bolt 80. Wannan sifikar mai om 8 yanzu amfiya 10 za ta ja, ƙarfin ya zama wat 800. Ninki huɗu, shi ya sa birij ke da farin jini. Amma a duba abin da kowane ɓangare yake yi: bolt ɗinsa 40 ne har yanzu, amfiyar da ke ratsa taransistocinsa kuwa ta tashi daga 5 zuwa 10. Wato a wurinsa sifikar ba ta om 8 ba ce, ta om 4 ce. Ƙa'idar ke nan da ya kamata mai kayan sauti ya riƙe ko da ya manta da komai: a birij, kowane ɓangare rabin om ɗin sifika yake gani. Om 8 ya koma 4, om 4 ya koma 2, om 2 ya koma 1, wanda kusan babu amfilifayar taro da aka ƙera don ta jure shi.

Ninki huɗun ma a takarda ne. Taransifoma tana da iyaka, wuta na faɗuwa idan aka ja da yawa. A ɗauki QSC RMX 2450, na'urar da ta yi suna a wurin masu bes a ƙasashe da dama. Kamfanin ya rubuta mata wat 500 a kowane ɓangare a om 8, da 750 a om 4, da 1200 a om 2. A birij kuwa wat 1500 a om 8, da 2400 a om 4. Ka ga 1500 shi ne 750 sau biyu, 2400 kuma 1200 sau biyu. Babu wani sabon ƙarfi da ya faɗo daga sama. Ƙarfin ɓangarorin biyu ne a rabin om, aka haɗa.

To me zai faru idan aka yi birij alhali B ya lalace? Ya danganta da irin lalacewar. Idan hanyar fitar B a yanke take, misali rilensa, ɗan makunnin da ke haɗa shi da sifika, bai kama ba, sifika ba ta da hanyar da wuta za ta koma, don haka ba za a ji komai ba, har A ɗin da ke da lafiya ya zama bebe. Idan kuwa B yana da rai amma sauti ba ya isa gare shi, jansa zai zauna a sifiri, a ji sautin A kawai, ba ƙari ko na wat ɗaya, kuma an tilasta wa marar lafiya ɗaukar wutar da ke dawowa. Na ukun shi ne mai ɓarna. Idan taransisto ɗaya ta ƙone ta haɗe, takan zuba tsayayyar wuta, wadda ake kira DC, kai tsaye a bakin fita, kuma a manyan amfilifayoyi wannan na iya kai bolt 80 ko fiye. Da'irar kariya ce kaɗai ke tsakanin wannan wuta da sifikarka, ita ma tana iya gazawa. Bolt 80 a kan koyil mai om 6 ya haura wat 1000 na zafi zalla, takardar sifika ta tura gaba ta maƙale, ba motsin da zai kaɗa wa koyil iska. Cikin 'yan daƙiƙu sai ƙauri. Garin neman gira an rasa ido.

Saboda haka kafin maganar birij, sai an san abin da ya sami ɓangaren da ya yi shiru. Abin da masu gyara suka sani, masu kaya kuma ba sa son yarda da shi, shi ne yawancin amfilifayoyin da ake kai musu da sunan sun mutu gefe ɗaya lafiyarsu ƙalau. Waya ce, ko soket, ko makunni. Hanyar ganowa kuwa ba ta bukatar sukudireba: musanye ne, abu ɗaya a lokaci ɗaya, daga waje zuwa ciki, kuma a kashe na'urar kafin kowane musanye.

A fara da sifika. A cire wayar da ke bakin B a mayar da ita A, ta A kuma ta koma B. Idan shirun ya bi sifikar zuwa A, amfilifaya ba ta da laifi, matsalar tana cikin waya ko akwatin sifika. Idan shirun ya tsaya a B, a mayar da komai yadda yake, a musanya wayoyin da ke kawo sauti daga miksa ko kurosoba. Shirun ya koma A? To laifin yana can baya, a waya ko miksa. Sai idan B ya ƙi magana da sifika mai kyau da waya mai kyau da sauti mai kyau ne za a nuna wa amfilifaya yatsa. Wanda ya musanya abu biyu a tare ya ɓata gwajin, ba zai san wanne ya kawo canji ba.

Sifikar da ake zargi tana da nata gwajin. A sa mita a ma'aunin om a taɓa kawunanta. Mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 takan nuna wajen 3, domin abin da mita ke aunawa juriyar wayar koyil ce kawai, ba nauyin da take yi a lokacin kiɗa ba. Idan mita ba ta motsa ba, koyil ya yanke. Idan ta nuna kusan sifiri, ya haɗe, kuma wataƙila shi ya kashe ɓangaren tun farko, zai kuma kashe duk wanda aka ƙara ɗaura masa. Ƙaramin batirin tocila ma yana aiki: a taɓa kansa mai alamar ƙari a jan kai, gindinsa a baƙi, takarda ta tura waje da ɗan ƙara. Idan ciki ta shige, an juya wayoyin akwatin.

Daga nan sai a leƙa bayan amfilifaya, inda makunnai suke. A nan ne ake samun abin dariya mafi yawa a wannan sana'a: na'urar da ma a birij take. Wani ya ara ta ya yi aiki da ita haka, ko yatsa ya ture makunnin wajen loda kaya a mota. A yawancin na'urori, da an shiga birij ƙofar B da maɓallin muryarsa sun daina aiki, sai mutum ya yi ta murɗa maɓalli ba canji, ya yanke hukuncin B ya lalace. Mafi ruɗarwa shi ne idan an ɗaura akwati biyu yadda aka saba, ɗaya a A ɗaya a B. Duka biyun za su yi magana, amma B a juye yake, yana jan iska sanda A ke turawa. Idan akwatunan suna jere kusa da juna, bes ɗinsu ya cinye juna, ka ga takardu na rawa kamar za su fita amma ƙirji bai ji komai ba. Mai kaya ya ƙara murya, jar fitila ta kama, a ce amfilifaya ta gaji. Ga sauƙin gane shi: a cire akwati ɗaya. Idan bes ya ƙaru maimakon ya ragu, akwatunan faɗa suke yi.

Akwai wasu ƙananan makunnai da ke yin irin wannan ruɗu. Wasu na'urori suna da matatar da ke yanke ƙasan sauti daga girgiza 30 ko 50 a daƙiƙa, kowane ɓangare da tasa. Mafi kaurin tsirkiyar jitar bes mai tsirkiya huɗu tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, ta biyar a mai tsirkiya biyar kuma kusan 31, don haka ɓangaren da aka yanke a 50 zai ji kamar ya rame kusa da ɗan'uwansa. A kan amfilifayar jitar bes mai raba sauti gida biyu, idan makunnin rabon yana kunne, ɓangare ɗaya saman sauti kawai yake samu, ba zai taɓa yin gunji ba komai lafiyarsa.

Masu jitar bes suna da wani wurin dubawa da masu DJ ba su da shi. A bayan amfilifayarsu akwai ramuka biyu, SEND da RETURN, na saka na'urorin gyaran sauti. Idan ba a saka komai ba, wani ɗan harshen ƙarfe ne a cikin ramin ke haɗa gaban na'ura da bayanta. Ramin da ba a amfani da shi ya fi kowanne tara tsatsa da ƙura, sai sauti ya riƙa yankewa, ko ya ragu, ko ya dawo da kansa idan an buga tsirkiya da ƙarfi. A ɗauki gajeriyar waya a haɗa ramukan biyu. Idan sauti ya dawo, an gano ɓarawon, ɗan feshin maganin wanke kontak da saka fulogi a cire sau da yawa ya wadatar. Ana kuma iya shigar da sauti kai tsaye ta RETURN, a hankali, domin a wasu na'urori maɓallin murya ba ya iko da wannan hanya. Idan ya fito garau, sashen ƙarfi lafiya lau, ciwon yana sashen gaba.

Irin wannan alama, ta sauti ya ɓace a ƙaramar murya ya dawo idan an ɗaga, ita ce kuma alamar rile mai datti. Rile shi ne ke yin ƙas ɗin nan 'yan daƙiƙu bayan an kunna na'ura, yana haɗa sifika bayan wuta ta daidaita. Bakinsa na ƙonewa da shekaru. Ba ya da tsada, kuma canzawa ta fi gogewa. Amma idan rile ya ƙi kamawa sam, fitilar PROTECT ta zauna a kunne, kada a ce rile ne ya lalace. Mai yiwuwa aikinsa yake yi, ya ga DC ko zafi ya ƙi buɗe ƙofa. Na ga masu gyaran da ke haɗe bakin rile da waya don a samu a yi taro. A ganina wannan ba gyara ba ne, cire wa sifika mai gadi ne a daren da ɓarawo ke cikin gida.

Gwajin DC kowa zai iya yi da mita ba tare da ya buɗe akwati ba. A cire sifika, a cire wayar shigar sauti, a rufe murya, a kunna, a bar ta ta ɗan ɗumama, a sa mita a ma'aunin DC tsakanin ja da baƙin kowane ɓangare. Mai lafiya yakan nuna abin da bai kai milibolt 50 ba. Ɗaruruwan milibolt alama ce ta wani abu ya fara karkata. Bolt guda ko fiye, kada sifika ta kusanci wurin. Sai dai a tuna, idan rile bai kama ba mita sifiri za ta nuna, ba don babu DC ba, don an rufe masa hanya ne. Wannan gwaji na amfilifaya mai taransisto ne. Mai bawul, kwalaben nan masu ja kamar garwashi, irin Ampeg SVT da aka fara fitarwa a 1969 da wat 300, ba a kunna ta ba sifika, domin taransifomar fitar sautinta na iya lalacewa.

Iyakar mai kaya ke nan. Abin da ya wuce wannan na mai gyara ne, kuma ba don raini ba. Manyan kafasitocin da ke ciki suna riƙe da wuta mai iya kisa bayan an zare fulogi, ana sauke ta ne ta hanyar rizisto, a tabbatar da mita, ba a haɗe su da bakin sukudireba ba. Amma yana da kyau mai kaya ya san abin da gyara nagari ya ƙunsa, don ya san wa zai ba kayansa. Idan fis ɗin ɓangare ya ƙone, dalili ne ya ƙona shi, ba a ɗaure shi da zaren waya ko takardar sigari. Mai gyaran kirki yakan kunna na'urar da ake zargi ta cikin ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, wanda aka jera a kan layin wuta. Ƙwan ya yi haske ya dushe, babu haɗewa. Ya tsaya da haske, akwai abin da ya haɗe, kuma ƙwan ya hana shi ƙona sauran. Ƙwan zamani marar cin wuta ba ya wannan aiki.

Taransistar fitar sauti ba ta cika mutuwa ita kaɗai ba. Takan tafi da 'yan'uwanta na layi ɗaya, da ƙananan da ke tura su, da fararen rizistocin nan masu kusurwa huɗu na om 0.22 zuwa 0.47 da ke ƙafafunsu. Wanda ya canza guda ɗaya da ya ga ta fashe ya rufe akwati, zai sake ganin na'urar cikin mako. Sai kuma babbar masifar kasuwa, jabu. Tagwayen da aka fi sani a irin waɗannan na'urori su ne 2SC5200 da 2SA1943 na Toshiba, waɗanda aka ƙera su jure bolt 230 da amfiya 15, kuma saboda farin jininsu suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya. Ta jabu tana da lamba iri ɗaya da jiki iri ɗaya, amma ƙwayar da ke cikinta ƙarama ce. Za ta yi waƙa lafiya a shagon mai gyara da ƙaramar sifika. Ranar da aka sa ta a birij a kan om 4 ne asirinta zai tonu. Ko a Sabon Gari ta Kano ka saya ko a Alaba ta Legas, idan farashin ya yi araha fiye da hankali, ka san abin da ka saya.

To idan taro ya matso kuma B ya ƙi, mene ne abin yi? Amsar tana gaban mutum amma birij ya rufe masa ido: a yi aiki da A shi kaɗai. Sharaɗin shi ne B ya mutu mutuwar shiru, ba ƙauri, ba hayaƙi, ba fis da ke ƙonewa, ba DC, gefensa ba ya zafi, taransifoma ba ta gurnani. Idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan, a zare fulogi a nemi aro, domin wutarsu ɗaya ce. Idan babu, a rufe muryar B, a cire komai daga bakinsa, a tabbata makunni yana STEREO, a haɗa akwatunan biyu masu om 8 a kan A, ja da ja, baƙi da baƙi, su zama om 4. A lissafin RMX 2450 an sauka daga wat 1000 zuwa 750. A kunne wannan ragi bai kai desibel ɗaya da rabi ba, kuma babu mai rawa a fili da zai lura. Abin da ba a yi shi ne a tara akwati huɗu a kan A don cike gurbi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ba a cika yi ba: ko da ɓangarorin biyu lafiya suke, birij ya cancanci wahalarsa? Ninka wat sau biyu desibel 3 yake ƙarawa, sau huɗu desibel 6, alhali kunne sai ya sami kusan desibel 10 kafin ya ce ƙara ta ninka. Inda birij ke da ma'ana sosai shi ne mutum yana da babban akwati ɗaya mai om 8 wanda ɓangare ɗaya ba ya ƙosar da shi. A nan an tashi daga 500 zuwa 1500, kowane ɓangare yana aiki a om 4, wurin da yake da sauran numfashi. Birij a kan om 4 kuwa, ko da takardar na'ura ta halatta, ra'ayina shi ne a ƙasarmu a bar shi sai dole. Alƙaluman kamfani an auna su ne da cikakkiyar wuta a ɗaki mai sanyi. Mu kuwa a fili muke aiki a watan Afrilu, ƙurar hunturun bara na nan cunkushe a ƙarfen sanyaya, fanka na juyawa da ƙyar. Bes kuma shi ne sautin da ya fi kowanne jan wuta ba hutu, kuma om ɗin da aka rubuta a jikin akwati matsakaici ne, a wasu muryoyin yana faɗuwa ƙasa da haka.

Ga kuma wutar kanta. Ƙa'idar Najeriya bolt 230 ce, amma kowa ya san abin da ke zuwa gidajenmu, da abin da ƙaramin janareta ke yi idan bes ya buga. A amfilifaya mai taransifoma, idan wuta ta faɗi zuwa 180, ƙarfin da za ta iya bayarwa kafin sauti ya fashe yana raguwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Mai kiɗa ya ji ƙarfi ya ragu, ya ƙara murya, fitilar CLIP ta zauna ja, koyil ya yi ta shan zafi. Fitilar nan ƙiftawa aka yarda ta yi jefi-jefi, ba zama ba.

Wanda ya auna duk wannan ya ga birij ne maslaharsa, to ya yi shi bisa ƙa'ida. A kashe na'ura kafin a taɓa makunnin, ba a juya shi tana kunne. A karanta abin da aka rubuta a bayanta game da mafi ƙarancin om a birij, a lissafa akwatuna: biyu masu om 8 da aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, om 4 ne, biyu masu om 4 om 2 ne, wanda ya haramta. Sauti ta A yake shiga, kuma maɓallin A ke mulki. Jan A shi ne ƙari, jan B shi ne ragi. Masu soket ɗin Speakon, wanda kamfanin Neutrik ya ƙirƙira, su yi hattara, domin ba duk na'urori suka yi ittifaƙi ba: wasu suna fitar da birij ta ƙafar 1+ da 2+ a soket ɗin A, wasu suna da soket na uku na musamman. Idan aka saka wayar da aka saba a soket ɗin A na irin na farko, ɓangare ɗaya kawai ake ji, mutum yana zaton yana birij. Wayar birij a yi mata alama da jan salatif, kada ta gauraya da sauran.

Abu mafi haɗari shi ne a birij babu waya mai sanyi. Duka biyun wuta ne a jikinsu. Duk wadda ta taɓa gangar jikin na'ura, ko rak, ko baƙin kai, an haɗe ɓangare guda da ƙasa. Shi ya sa fulogin jita mai jikin ƙarfe bai dace da birij ba, jikinsa na ɗauke da wutar B, yana kuma haɗe kawunan biyu na ɗan lokaci wajen sakawa da cirewa. Haka nan ba a ɗaukar sauti daga wayar sifika zuwa miksa a wannan yanayi. Wat 2400 a om 4 kusan bolt 98 ne tsakanin wayoyin, da amfiya wajen 24, abin da ya isa ya jefar da yaron da ya taɓa tsirarar waya da jiƙaƙƙen hannu a wurin biki. Siririyar waya ma asara ce: mita 20 na tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5, zuwa da dawowa, ta kusa rabin om, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin ya tsaya a hanya yana ɗumama waya. A nemi mai 2.5 ko fiye, a gajarta ta.

Kada kuma a rikita birij da PARALLEL. A yawancin na'urori wannan makunni ƙofofin shiga kawai yake haɗawa, sauti ɗaya ya je wa A da B ba a juye ba, kowanne da akwatinsa. Ga mai akwati biyu na bes, sau da yawa wannan ne ya fi masa, ba birij ba. Bai kuma ba da izinin haɗe jan A da jan B da waya ɗaya ba. Ƙananan amfilifayoyin zamani marasa nauyi, waɗanda ake kira aji D, da yawansu a birij suke tun daga masana'anta, baƙin kansu ma wuta ne da shi, ba a haɗa shi da ƙasa ko da baƙin wata na'ura, kuma ba a sake yi musu wani birij.

Na'urar da ta dawo daga gyara ba a kai ta birij kai tsaye. A fara auna DC a ɓangarorin biyu. A sa ta a STEREO, a ba A da B sauti ɗaya da murya ɗaya, a auna fitar kowanne da mita a ma'aunin AC, alƙaluman su yi kusa da juna. A bar ta ta yi aiki na awa guda da akwati mai om 8 a kowane gefe, sannan a kai hannu kusa da inda iska ke fita a gefen biyu. Idan wanda aka gyara ya fi ɗan'uwansa zafi a fili, ba a daidaita wutar zamansa ba, ko ba a shafa man sanyaya da kyau a bayan taransistocin ba, a mayar wa mai gyara. Idan sun yi daidai, a maimaita da om 4 a kowane gefe, domin nauyin da za su gani ke nan idan an ɗaura musu om 8 a birij.